Ruwan Gida a Jakar Hannu

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Innarki. Ya Yaya, mahaifin naki? Ya maigidan naki da aikinsa na filin jirgi? Mu nan lafiya lau, in ban da kunnen nan nawa da ya ƙara toshewa. Shi ya sa kika ga takarda maimakon waya. In an kira ni sai dai in ga bakin Innarki na motsi tana maimaita mini, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar na ji.

Uwata, nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Rijiya ta kawo ruwa.

Ta babanmu nake nufi, wadda ke bayan ɗakin ajiya, wadda ta ƙafe tun kafin a haife ki, tun kafin Yaya ya bar gida neman aiki. Kin san duk rani sai na shiga na ɗan taɓa dutsen nan da ya tare ƙasanta, har mutane na cewa mai haƙa wa jama'a rijiya ya rasa ta gidansu, abin ya taɓa masa kai. Ranar Talata da hantsi ina ƙasa, na kafa ƙarfe na buga guduma, sai na ji ƙarfen ya tafi da sauƙi kamar ya shiga sabulu. Da na zaro shi, bakinsa a jiƙe. Na tsaya ina kallon ramin. Ƙasar gefensa ta fara yin duhu, can sai wani siririn ruwa ya ɓullo yana rawa, ya gangaro ya taɓa babban yatsan ƙafata. Sanyi, Uwata! Na haƙa rijiyoyin da ban san adadinsu ba, amma ban taɓa murnar ganin ruwa irin ta ranar ba. Na ɗaga kai na ga sama can nesa kamar bakin kofi, ga kan Innarki ya leƙo tana ta magana. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ɗebo da tafin hannu na ɗaga mata, sai na ga ta toshe baki da mayafi.

Kafin la'asar ya kai ƙugu. Washegari ya kwanta, garau, har kina ganin tsakuwar ƙasa. Yanzu ko ba ni da abin ɗiba sai in je in leƙa, in tabbatar bai koma ba.

Ki gaya wa Yaya a hankali, kada ki faɗa masa yana tsaye.

Baffanki

*

Zuwa ga Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna. Ni da surukinka muna lafiya. Takardarka ta iso, na karanta ta a bakin ƙofa, takalmin aiki ma ban cire ba.

Baffa, ba sai na ce wa Baba ya zauna ba. Ya jima bai tsaya da ƙafarsa ba. Na ɓoye muku ne don kada hankalinku ya tashi, amma yanzu ba zai ɓoyu ba. Yana asibiti, ciwon ya kama maƙogwaro, abinci ta roba ake ba shi. Likita ba ya yi mini ƙarya, ni ma ba zan yi maka ba: in za ka zo, ka zo yanzu.

Na karanta masa takardar a gefen gado. Da na zo wurin da ruwan ya taɓa yatsanka, ya ɗaga hannu alamar in koma baya. Na sake karantawa. Ya juya fuska bango ya daɗe, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can sai ya ce, “Ina ma in ɗanɗana.” Tun da aka kwantar da shi bai nemi komai ba, ko fanka bai taɓa cewa a kunna masa ba. Wannan ne abu na farko.

Ga tikiti da takardun shigowa a cikin ambulan ɗin nan. Jirgi biyu za ka hau, za ka sauka a wata ƙasa a tsakiya ka sauya. Maganar ruwan kuma, surukinka ya ce ko da wasa kada ka sa shi a babban akwati. Shi ke loda kaya a cikin jirgi, ya ce ya san yadda akwati ke shan jifa, wani ma ba ya isowa sai bayan mai shi ya gama kuka. Ka riƙe shi a jakar hannu. Da can ba a barin ruwa ya wuce ƙofar bincike sai ɗan mitsitsi, amma yanzu an kawo wata sabuwar na'ura mai ganin cikin kwalba ba tare da an buɗe ba, an sassauta doka. Ya tambayo, ya ce filinku da na tsakiyar duk suna da ita. Ka cika babbar gora, ba wanda zai taɓa maka.

Allah ya kawo ka lafiya.

'Yarka

*

Uwata,

Ina gaishe ki, ina yi wa Yaya sannu. Na yi fushin ɓoye mini da kika yi, amma fushin bai kai yamma ba. Ina tafe.

Gora na samu sabuwa fil, na wanke ta na shanya, ba wanda na bari ya taɓa. Da sassafen ranar tafiya zan ɗebo, kafin guga ya dama ruwan. Innarki ta ɗinka mata riga da tsohon tawul kamar jaririya.

Kada ki wahalar da kanki da kiran wayar Innarki. Ta je leƙen rijiya da waya a ƙirji, yanzu haka tana can ƙasa. Abu na farko ke nan da rijiyar ta ci. Na ce zan shiga in ɗauko, ta ce in bari, ba ta son in dama wa Yaya ruwa. In da saƙo, ki kira mai shagon bakin layi.

Ki tambayar mini surukin nawa, Sarkin Jifa da Akwatin Mutane, wai da gaske na'urar nan tana ganin ruwa ta san ruwa ne? Ni rayuwata duka neman ruwa nake a inda ido ba ya gani, da duban ciyawa da shinshinar ƙasa, wani sa'in in dace wani sa'in in sha kunya. Yanzu a ce akwai ƙarfen da ke leƙa cikin rufaffiyar jaka ya ce wannan ruwa ne, wancan mai? Ko don in ga wannan ma na zo.

Jirgin kam ina tsoronsa, ba zan ɓoye miki ba. Mutumin da ya saba a zura shi ƙasa da igiya, yau za a ɗaga shi sama ba igiya.

Baffanki

*

Baffa,

Gaisuwa a gurguje. Baba yana nan yadda yake, kullum idonsa a ƙofa.

Don Allah ka karanta wannan da kyau. An sauya dokar. Yau surukinka ya dawo aiki ko ruwa bai sha ba ya gaya mini: a filin da za ka sauya jirgi an dawo da tsohon tsari. Wai ba su gama yarda da sabuwar na'urar ba, sai an sake gwada ta. Duk ruwan da ke cikin kwalbar da ta fi mili ɗari za su karɓe su zubar, ko da rabi ne a ciki, girman kwalbar suke dubawa. Mili ɗari bai kai rabin kofin shayi ba, Baffa.

Ka je kyamis ka sayi ƙananan kwalabe sababbi, ka rarraba ruwan a ciki, ka zuba su a farar leda. Kada ka taho da babbar gora.

Na kira mai shago, layin na ta yankewa, rediyonsa na ta ihu. Na maimaita masa har muryata ta dushe, ya ce ya gane. Ban yarda ya gane ba, shi ya sa na rubuto. Ni na ce maka ba wanda zai taɓa maka ita. In aka zubar da ruwan nan a hanya, ban san da wane ido zan kalli Baba ba.

'Yarka

*

Zuwa ga Uwata,

Na dawo gida lafiya, na sami Innarki lafiya, rijiya tana nan cike. Ya Yaya ya kwana bayan tahowata? Ki shafa mini kansa.

Kin san abin da na tarar a kan taga? Takardarki ta gargaɗi, a liƙe, ba a ko buɗe ba. Bayan tashina ta iso. Sai yanzu na gane abin da ya faru ranar da kika tarye ni. Na fito da 'yar kwalba daga aljihu, na ga kin dafe ƙirji kin yi magana kina murmushi, ni kuma na gyaɗa kai irin nawa. Ashe ɗauka kika yi saƙonki ya same ni. Mai shago kuwa abin da ya rubuta mini a bayan kwalin sabulu shi ne: “Ta ce ka taho da ruwa, ɗari bisa ɗari.” Na ce ai dama haka na yi niyya.

A can ba mu sami zama ba, kina tsakanin aiki da asibiti, ni kuma hira da ni sai da ihu. To bari ki ji yadda babbar gora ta koma 'yar kwalba.

A filinmu lafiya lau. Na sa jakar a faranti ta shige cikin na'urar. Da matar da ke wurin ta ga na miƙa wuya kamar zan bi jakar, sai ta yi dariya ta ɗan juyo mini allon. Uwata, ga gorata a tsaye a cikin iska, ba jaka ba tawul, tana juyawa a hankali, ruwan ya yi wani launi da ban san sunansa ba. Har 'yar iskar da ta rage a wuyanta na gani. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam wannan.

Da jirgi ya tashi na rungume jakar na rufe ido. Da na buɗe, girgije yana ƙasa da ni. Ni da kullum nake ɗaga kai ina roƙonsa! Can sai ƙasa ta ƙare, ruwa ya fara. Na ce yanzu zai ƙare, bai ƙare ba. Aka kawo abinci, aka kwashe kwanuka, na yi gyangyaɗi na farka, har yanzu ruwa. Na dubi gorar da ke cinyata na dubi taga. Shekara da shekaru ina fasa dutse saboda abin da bai kai ɗigo ba a cikin wannan. Amma ban ji na raina nawa ba, ƙara rungume shi ma na yi.

Filin tsakiyar gari ne guda a cikin gilashi. Ƙasa na tafiya da mutum yana tsaye. Famfo kuwa, kina miƙa hannu yake kawo ruwa, kina janyewa ya ɗauke, na daɗe a wurin ina gwada shi har wani ya tsaya yana kallona. Na bi layi da ƙarfin gwiwa, tunda na riga na san na'ura. Sai na ga farantina ya kauce hanya. Wani jami'i, dogo mai furfura a gira, ya buɗe jakar, ya kware tawul ɗin Innarki, ya ɗaga gorar ya girgiza kai. Ya nuna mini wani babban kwando a gefensa, cike da gorunan mutane.

Ba na jin harshensa, ko da ina ji ma ba na jin sautinsa. Na kama gorar da hannu biyu, shi ma bai saki ba. Layi ya tsaya. Na ga wasu jami'ai biyu sun nufo mu. Ina ta cewa “Na Yayana ne, na Yayana ne,” ban san da ƙarfi nake faɗa ba sai da na ga kowa ya juyo.

Wata mata ce a bayana, da jariri a ƙirji, ba irinmu ba ce. Ta taɓa mini kafaɗa, ta nuna mini wayarta mai jerin harsuna, na laluba na dangwala namu. Ta yi magana a ciki, sai ga rubutu ya fito da harshena: “Baba, menene ruwa wannan?” Hausar ta karkace amma na gane. Ta kara mini wayar a baki. Na faɗi komai, rijiyar, dutsen, Yaya da robar da ke maƙogwaronsa. Wayar ta juya maganar, matar ta karanta, ta miƙa wa jami'in. Ya karanta ya daɗe yana kallon allon. Sai ya saki gorar.

Ya yi magana a wayar, rubutu ya fito: “Doka ta dawo kwanan nan. Ba ni da iko babba ta wuce. Ƙarama za ta wuce.” Na buɗe hannuwa, ina zan sami ƙarama? Matar nan ta zuge jakar jaririnta ta ciro 'yar kwalbar madara sabuwa, a cikin ledarta, ta nuna wa jami'in lambar da ke jiki. Ya gyaɗa kai. Ya ja mu gefe, ya share teburinsa da kansa. Shi ya riƙe mini 'yar kwalbar ina tsiyayawa, mu uku mun sunkuya a kai kamar masu auna zinariya. Ko ɗigo bai zuba ba.

Saura fa? Ya nuna kwando, na girgiza kai. Na kafa baki na sha, na sha, har cikina ya ɗaure, gorar ba ta yi rabi ba. A gefen ƙofar akwai wata bishiya a cikin babbar tukunya, na taɓa ganyen na ji mai rai ce. Na dubi jami'in, ya dubi sama kamar bai gan ni ba. Na durƙusa na juye mata sauran. Yanzu haka akwai bishiya a cikin gidan gilashi, a ƙasar da ban san gaisuwarsu ba, da ta sha ruwan rijiyar babanmu. Matar kuwa kafin in gama ɗaura takalmi ta shige cikin jama'a, ko godiya ban yi mata yadda ya kamata ba. A jirgi na biyu, maƙwabcin kujerata ya gaji da tashi yana ba ni hanyar banɗaki, har ya bar mini kujerarsa ta bakin hanya.

Abin da ya dame ni, Uwata, na yi wa Yaya alkawarin gora na kawo masa abin da bai cika baki biyu ba. Kuma akwai abin da nake so ki gaya mini. Lokacin da kika ɗiga masa a cokali ya haɗiye, ya kamo hannuna ya yi magana, doguwa. Na ga leɓensa na motsi, na ga ke kin juya baya kafaɗarki na rawa. Na gyaɗa kai don kada ya wahala da maimaitawa. Ban ji ba. Tun a jirgi nake juya abin. Me ya ce?

Baffanki

*

Zuwa ga Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Ya ƙarin haƙuri? Na san mai shago ya isar muku da rasuwar Baba, wannan karon bai kuskure ba. Mu nan muna nan, masu gaisuwa sun fara raguwa, surukinka ya koma aiki. Takardarka ta zo Baba na da sauran kwana, na karanta masa labarin filin jirgin. A wurin famfo ya yi dariya har nas ta leƙo. A wurin matar nan mai jariri ya ce in tsaya, ya yi mata addu'a, ya yi wa mai furfura a gira.

Kada ka ƙara cewa kaɗan ka kawo. Bayan tafiyarka haɗiya ta gagare shi gaba ɗaya, ko cokali ɗaya ba ya wucewa. Nas ta nuna mini yadda zan tsoma auduga in shafa masa a leɓe. In na tsoma a ruwan asibiti sai ya kawar da kai, ban san yadda yake ganewa ba, ido a rufe. In na tsoma a naka sai ya buɗe baki. Kullum ina duba kwalbar, ina cewa gobe zai ƙare. Baffa, bai ƙare ba. Ranar da ya cika da hantsi, da shi na jiƙa masa baki, kuma da saura a gindin kwalbar. Na tsaya ina kallonsa a hasken taga, na kasa gane yadda abu kaɗan haka ya kai mutum har bakin hanya.

Ka tambaye ni me ya ce. Ka ga kafaɗata na rawa ka ɗauka kuka nake. Rabi kuka ne, rabi dariya.

Da ya haɗiye, ya juya harshe a baki. Sai ya ce, “Shi ne. Wallahi shi ne, har ɗan ɗanɗanon ƙarfen nan.” Ya ce yana jin ƙarar gugan Kaka a jikin bango. Ya ce kai ƙaramin ƙanensa ne mai taurin kai, kuma bai taɓa ganin taurin kan da ya yi albarka irin naka ba. Daga nan ya dubi hoton rijiyar da ka ajiye masa a kan bargo, ya ɓata rai irin yadda yake yi mini in na bar ƙofa a buɗe. Ya ce, “Amma dubi wannan, baki a hangame, ga yara a unguwa. Ka sa mata murfi. Ka ji ko? Ka yi mini alkawari.”

Kai kuma ka gyaɗa kai, Baffa, har sau biyu. Ya saki hannunka ya ce, “To, madalla.”

Don haka ka riga ka ɗauki alkawari. In ka sa, ka rubuto ka gaya mini.

'Yarka